Yawon yini a Zanzibar: wanda ya ci kuɗinsa da wanda bai ci ba

Duk otal ɗin da ka sauka a Unguja, wato babban tsibirin Zanzibar da ke ƙasar Tanzaniya, takarda kusan iri ɗaya za a miƙa maka: zagayen tsohon garin Zanzibar, gonar kayan ƙamshi, tsibirin kunkuru, dajin Jozani, iyo a Mnemba, kallon dolfin (dabbar teku mai kama da babban kifi) a Kizimkazi, da yini guda a jirgin katako daga Fumba. Hotunan ma iri ɗaya ne, ruwa shuɗi da farin rairayi. Amma mutum biyu za su sayi tafiya ɗaya, kuɗi ɗaya, wannan ya dawo yana yabo, wancan ya dawo yana cewa an cuce shi. Bambancin na cikin abin da ba a rubuta a takardar ba: lokacin da teku ke cika da janyewa, iskar da ke kaɗawa a watan, da yawan hannuwan da kuɗinka ya ratsa kafin ya isa ga mai jirgi.

Maganar ruwa ita ce kan gaba, domin ita ce masu sayar da tafiya suka fi yin shiru a kanta. A wannan gaɓar teku na cika sau biyu, ya janye sau biyu cikin kwana ɗaya, kuma lokacin na jinkirta da kamar minti 50 kowace rana. Mutanen wurin na ce wa cikar maji kujaa, janyewar kuma maji kupwa. Ƙarfin abin ba ɗaya ba ne kullum, wata yake bi. Wanda ya saba duba kwanan watan Musulunci ya riga ya huta: kwana ɗaya zuwa uku bayan tsayuwar wata, da kuma wajen 15 zuwa 17 ga wata, su ne ranakun babban ruwa, bamvua, lokacin da tazarar cika da janyewa kan kai kusan mita 4. A irin waɗannan ranaku ruwa kan kai ƙarshen janyewarsa da hantsi zuwa kusan tsakar rana, ya dawo ya cika da la'asar. Wajen 8 da 23 ga wata kuwa ruwan mutuwa yake yi, maji mafu, bai cika sosai ba, bai janye sosai ba, kuma cikarsa kan faɗo a tsakiyar yini.

Amfanin sanin wannan a fili yake. Tudun rairayin da ake kai mutane su yi hoto a tsakiyar teku sai ruwa ya janye yake fitowa. Ranar babban ruwa za ka same shi da faɗi da hantsi, ka yi awa biyu a kai kafin ruwa ya fara cinye shi. Ranar mataccen ruwa sai ka tarar da ɗan tsiri, jirage goma sun yi masa ƙawanya, ko ma babu shi. A gabashin tsibirin kuma, su Paje da Jambiani da Bwejuu da Matemwe, lissafin juyawa yake: ranar babban ruwa teku kan ja baya har kusan kilomita guda ko fiye, sai dai ka hango farin kumfa can a bakin shingen murjani, babu wajen iyo sai yamma. Wanda ke son ya shiga ruwa duk sa'ar da ya ga dama, Nungwi da Kendwa a arewa su ne nasa, don can gaɓar na da zurfi kusa. Jadawalin cika da janyewa kyauta ne a intanet, otal da yawa ma na manna shi a bango. Ka duba shi tukuna, sannan ka zaɓi ranar kowace tafiya. Ofishin da ya ce maka "kowace rana daidai ce" kujera yake son cikewa.

Iska kuma iri biyu ce. Kaskazi na busowa daga arewa maso gabas tun Disamba har zuwa Maris, kusi kuma daga kudu, ta fi ƙarfi daga Yuni zuwa Satumba. Lokacin kusi gari ya fi sanyi da daɗin yawo a ƙasa, amma teku kan yi tsalle, musamman bayan azahar. Babbar damina, masika, daga Maris zuwa Mayu take, Afrilu ya fi kowane wata ruwa, ana yawan soke tafiyar jirgi, wasu otal ma rufewa suke. Akwai ƙaramar damina wajen Nuwamba, wadda ba ta cika hana fita ba.

Sai wajen saye. Hanya uku ce: teburin otal, ofishi mai lasisi a gari, ko samarin da ke bin baƙi a bakin ruwa, waɗanda mutanen gari ke kira papasi, wato kaska. Abin da baƙo bai sani ba shi ne sau da yawa jirgi ɗaya dukansu ukun ke zuba wa mutane. Otal ya fi tsada saboda la'adarsa, amma in abu ya lalace kana da wanda za ka kama. Ɗan bakin ruwa ya fi araha, wasunsu kuma mutanen kirki ne masu riƙe alkawari, sai dai ba shi da ofis, ba shi da inshora, in ya karɓi kafin alƙalami ya ɓace shi ke nan. Ofishin gari mai lasisi shi ne tsaka-tsaki, kuma shi na fi ba da shawara ga mai iyali. Ko wanne ka zaɓa, a rubuta maka a saƙon WhatsApp: ƙarfe nawa mota za ta zo, ta ku ce ku kaɗai ko ta haɗaka, mutum nawa a jirgi, ko kuɗin shiga wurin da kuɗin hukumar kare teku na ciki, ko akwai abinci da ruwan sha, da abin da za a yi in an soke tafiya. Kuɗin shiga shi ne inda rigima ta fi tashi. Za a faɗa maka farashi mai daɗi, sai kun isa ƙofa a ce ai wannan daban ne. Kada kafin alƙalami ya wuce kashi ɗaya cikin uku, sauran sai ka ga mota ko jirgi da idonka.

A kula da agogo kuma. Waswahili daga ƙarfe 6 na safe suke fara ƙirga awa, don haka in direba ya ce saa mbili asubuhi, ba ƙarfe biyu yake nufi ba, ƙarfe 8 ne na safe. Saa tatu ƙarfe 9. Kuma dakika a bakinsu minti ce, ba daƙiƙarmu ba. Bahaushe zai ji kalmomi da yawa da ya sani, su asubuhi, alhamisi, ijumaa, saboda Larabcin da harsunan biyu suka sha, amma wannan ta agogo ta sa mutane da yawa sun rasa jirgi.

Tafiyar Fumba ita ce ta fi cin kuɗinta, in an dace da rana. Sunan da aka fi saninta da shi, Safari Blue, asalinsa sunan kamfanin da ya fara ta ne a shekarun 1990, amma yanzu kowane mai jirgi a yankin haka yake kiran tasa, saboda haka sunan kaɗai ba ya gaya maka wa zai ɗauke ka. Fumba na kudu maso yammacin tsibirin, tafiyar minti 30 zuwa 40 daga gari, amma daga Nungwi sai ka yi kusan awa biyu a mota kafin ka ga jirgi, ka sake yin wasu biyun da yamma a gajiye. Wanda ya sauka a arewa gara ya ajiye wannan tafiya zuwa ranar da yake kwana a gari. Kuɗin kan kama wajen dala 50 zuwa 100 ga mutum ɗaya, gwargwadon nisan inda aka ɗauko ka da irin abincin.

Ana tashi wajen ƙarfe 9. Babu gada a mashigar, in ruwa ya janye sai an taka cikinsa a kan duwatsu da laka kafin a kai ga jirgi, shi ya sa takalmin roba mai rufe yatsu ya zama dole, silifas tsinkewa yake ko ruwa ya tafi da shi. Jirgin na katako ne, da ƙyallen iska mai kusurwa uku da kuma inji a baya. Da safe inji ke aiki, ƙyallen sai a dawowa ake buɗe shi in iska ta yarda, kuma wannan awa guda da aka kashe inji ita ce mafi daɗin yinin. Zangon farko tudun rairayi ne a cikin yankin Menai, wanda aka keɓe don kare halittun teku tun 1997. A nan ake kafa rumfar ƙyalle, a fasa kwakwa, a yanka kankana da abarba da mangwaro. Daga nan a je wuri ɗaya ko biyu na leƙen kifi, wato iyo da gilashi a fuska ana kallon kifi, sannan tsibirin Kwale don cin abinci. Akwai wani tafki a cikin itatuwan mikoko, masu tsirowa cikin ruwan gishiri da saiwoyinsu a waje, wanda jirgi ba ya iya shiga sai ruwa ya cika. Ka ga ke nan tudun na son janyewa, tafkin na son cika, ranar babban ruwa ce kaɗai ke ba ka duka biyun yadda ya kamata: tudu da hantsi, tafki da la'asar. A Kwale akwai wata tsohuwar kuka da ta faɗi amma ta ci gaba da rayuwa, Turawa na ta hawa suna hoto. Wanda ya tashi yana shan miyar kuka ba zai ga abin mamaki ba.

Abincin gashin gawayi ne: kifi, jatan lande, ngisi da pweza, dabbobin teku marasa ƙashi masu hannuwa da yawa, da wani ƙaton dangin jatan lande mai faɗin kai, sai shinkafa da miyar kwakwa da soyayyen dankali. A nan ake gane mai jirgin kirki. Na kirki zai tambaye ka tun jiya ko akwai wanda ba ya cin kayan teku, ya tanadi kaza ko wake. Wanda bai taɓa cin su ƙaguwa da jatan lande ba kada ya fara gwaji a tsibirin da babu asibiti, don akwai jikin da ba ya karɓarsu, kumburin fuska da toshewar numfashi kuwa ba sa jira. Wasu jiragen na ɗaukar giya a kula ɗaya da lemo, kuma akan kunna kiɗa. Iyali ko ayarin da ba sa son haka su ɗauki jirgi nasu su kaɗai. In kun kai shida ko takwas, abin da kowa zai biya ba ya nisa da na haɗaka.

Salla ba ta da wuya a wannan tafiya. Ruwan teku na alwala, azahar kuma kan same ku a Kwale. Abin lura shi ne alƙibla. Zanzibar kusan a kan layi ɗaya take da Makka daga kudu, don haka arewa sak ake fuskanta, ba gabas ba. Wanda ya bi sabo ya kalli mafitar rana ya kauce da yawa.

Matsalolin da aka fi samu a jiragen araha uku ne: lodi fiye da kima, rigunan ceto da ba su kai yawan mutane ba ko igiyarsu ta tsinke, da rashin na yara. Ka ƙirga rigunan kafin a ɗaga anga, ba rashin kunya ba ne. In ba ka iya ruwa ba ka faɗa a fili. Da rigar ceto da zoben roba da ɗan jirgi ke ja, wanda bai taɓa iyo ba ma zai ga kifi ya more. Ɓoyewa don kada a raina ka ita ce haɗarin.

Mnemba ta fi ko'ina kifi da tsabtar ruwa a cikin wuraren da ake kai baƙi na yini. Tana arewa maso gabas, ana tashi daga Muyuni ko Matemwe a yi kamar minti 20 zuwa 30, ko daga Nungwi a yi awa ɗaya da wani abu cikin jijjiga. Tsibirin kansa na wani otal ne, ba a sauka a kai, duk wanda ya ce zai kai ka "kan Mnemba" gefenta yake nufi. Aibinta cunkoso. Daga ƙarfe 9 zuwa 11 jirage kan yi yawa har ka fi ganin ƙafafun mutane a kan kifi, murjanin wurin da ake yawan tsayawa ma ya sha taku ya farfashe. Maganin shi ne ka kwana a Matemwe ka tashi ƙarfe 7, ka gama kafin ayarin arewa su iso.

Kayan leƙen kifi guda uku ne: gilashin fuska, bututun numfashi, da takalmin iyo. Yawancin waɗanda suka ce abin bai yi musu daɗi ba gilashi ne ya ɓata musu. Gwada shi tun a ƙasa: ɗora shi a fuska ba tare da sa igiyar ba, ka ja numfashi kaɗan ta hanci. In ya manne, ya yi daidai. In ya faɗo, nemi wani. Ɗaure igiya tamau ba ya hana yoyo, ƙara shi yake, don robar na lanƙwashewa. Mai gashin baki ruwa zai riƙa shigar masa ta ƙarƙashin hanci, sai ya shafa ɗan basilin a gashin. Hazo a cikin gilashi kuwa, a shafa yawu ko ɗigon sabulun jarirai a ciki, a ɗauraye sau ɗaya kawai. In ruwa ya shiga bututu, hura shi da ƙarfi sau ɗaya ya fita. Bakin bututun haya ya ratsa bakuna da yawa, kuma ba kowane jirgi ke wanke shi da wani abu ban da ruwan teku ba. Wanda hakan ke damunsa ya sayi nasa. Kada a tsaya a kan murjani: abu ne mai rai, takawa na kashe shi, yankansa kuma ba ya saurin warkewa. Haka tauraron teku da ake cirowa don hoto, fitar da shi daga ruwa na iya kashe shi. Mai hajijiyar jirgi ya sha maganinsa awa guda kafin tashi, ba bayan ciki ya fara juyawa ba, ya zauna a tsakiyar jirgi yana kallon nesa. Tauna ɗanyar citta na taimakon wasu. Rana a kan ruwa kuma ba ta san baƙar fata ba, bayan wuya da kafaɗa saɓulewa suke. Riga mai dogon hannu, hula, da ruwan sha lita biyu ga kowane mutum.

Kallon dolfin a Kizimkazi ban ba shi maki ba, aƙalla yadda aka fi yin sa. Ana ɗauko mutum tun kafin asuba, a tashi ƙarfe 6, da an hango ƙayar bayansu sai jirage masu inji su rufa musu da gudu, a ce kowa ya faɗa ruwa. Dabbar ta nutse, a hau, a sake bi. Abin da za ka gani daƙiƙa kaɗan ne, ita kuma an hana ta hutu da shayar da 'ya'yanta. Babu mai iya yi maka alkawarin za a gan su ma. Akwai masu jirgin da ke rage gudu, su bi gefe, su kashe inji su jira, sai ka tambaya kafin ka biya. In ba haka ba, akan haɗu da dolfin a hanyar Fumba ko Mnemba ba tare da an bi su ba. Abin da ya cancanci zuwa Kizimkazi dominsa wani ne daban, kuma direbobi da yawa wucewa suke ba su tsaya ba: masallacin Kizimkazi Dimbani, wanda rubutun Kufi da ke jikin mihrabinsa ke ɗauke da shekara ta 500 bayan hijira, wato 1107. An sake gina yawancinsa a ƙarni na 18, amma rubutun na nan, har yau kuma ana salla a ciki. Yana cikin masallatai mafi daɗewa a gabashin Afirka.

Tsibirin Changuu, wanda ake tallatawa da sunan tsibirin kurkuku, tafiyar minti 20 zuwa 30 ne daga bakin gari. An gina kurkukun a 1893, ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, aka mayar da wurin maƙeɓar masu cuta mai yaɗuwa. Manyan kunkurun da ke can zuriyar guda huɗu ne da gwamnan Ingila na tsibiran Seshel ya aiko a 1919, wasu sun haura shekara 100, nauyinsu na iya wuce kilo 200. Yara na jin daɗinsa. Babba kuwa awa ɗaya ta ishe shi, kuma kuɗin jirgi daban, na shiga daban. Akan haɗa shi da tudun Nakupenda, wanda shi ma bawan janyewar ruwa ne, ba inuwa sai rumfar da aka kafa, ba banɗaki. Wanda zai je Fumba ba ya buƙatarsa.

Gonar kayan ƙamshi kuwa ta fi yadda ake zato, musamman ga wanda ya san kayan a tire a kasuwa amma bai taɓa ganin uwarsu ba. Gonakin na yankin Kizimbani da Kidichi da Dole, minti 30 daga gari, zagayen awa biyu ne, kuma yana cikin mafi araha. Za ka ga kanumfari, karafuu a bakinsu, ashe tohon fure ne da ake tsinka kafin ya buɗe a shanya kwanaki har ya yi baƙi. Kirfa ɓawon itace ce, ganyenta da ƙamshi daban, saiwarta kuma warin man zafi take yi. Gyaɗar ƙamshi na cikin wani ɗan itace mai kama da goba, da jan zare a nannaɗe da ita wanda shi ma kayan yaji ne. Masoro baƙi da fari da kore duk daga kurangar itace ɗaya suke, lokacin tsinka da yadda aka sarrafa ne suka bambanta. Banila kuma da hannu ake haɗa furenta ɗaya bayan ɗaya, dalilin tsadarta ke nan. A sani dai waɗannan gonakin nuni ne, an tara komai wuri ɗaya don baƙi. Ainihin kanumfarin da ya yi wa Zanzibar suna tun zamanin Sarki Sayyid Sa'id, wanda ya mayar da fadarsa daga Maskat zuwa nan wajen 1840, yawancinsa daga tsibirin Pemba yake fitowa. Ka riƙe ƙananan takardun shilin, don bayan ɗan jagora akwai yaron da ke saƙa maka hula da ganyen kwakwa, da mai hawan kwakwa yana waƙa, kowa na sa ran na goro. Teburin sayarwa na ƙarshe ya fi kasuwar Darajani ta cikin gari tsada. A Darajani ɗin ma sayi kayan da ba a niƙa ba, gari ana iya yi masa algus. Abin da ake sayarwa da arha da sunan zafaran kuwa, ba shi ba ne.

Jozani na kan hanyar Paje, kilomita 35 daga gari, an mayar da shi gandun ƙasa a 2004. Saboda yana bakin titi, kada ka saye shi a matsayin tafiya ta musamman. Ka ce wa direban da zai kai ka gabas ya tsaya awa ɗaya da rabi, ka biya kuɗin shiga da kanka, ɗan jagoran gandun na cikin kuɗin. Jan birin da ke can, kima punju, ba a samunsa a daji ko'ina sai a tsibiran Zanzibar, kuma duka ba su kai 6,000 ba. Yatsu huɗu gare shi, babban yatsa ya ɓace. Yana cin gawayi don ya kashe ɗacin gubar ganyen da yake ci. Kusan tabbas ne za ka gan su, da safe sun fi kuzari. Ana so a bar tazarar mita 3, ba a ba su abinci, mai mura kuma kada ya matsa. Sai gadar katako ta cikin mikoko a ɗaya gefen titin. Bayan ruwan sama laka da sauro ba sa wasa.

Tsohon gari, Mji Mkongwe, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2000, ana iya yawonsa ba jagora, amma awa uku da jagora mai katin hukuma a wuya na da amfani a rana ta farko, don lungunan ɓatar da mutum suke kuma taswirar waya rikicewa take a cikinsu. A fara ƙarfe 8 ko bayan la'asar. Jagora na ƙwarai zai nuna maka bambancin ƙofar Larabawa mai kusurwa huɗu da ayar Alƙur'ani a samanta, da ta Indiyawa mai baka da ƙusoshin tagulla, ya kai ka Mkunazini inda kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873 a gina coci a wurin, da ganuwar Ngome Kongwe da Omanawa suka gina bayan sun kori Turawan Fotugal. Beit el-Ajaib, gidan da Sarki Barghash ya gina a 1883, wani sashe nasa ya rushe a Disamban 2020 aka shiga gyara, don haka tambayi halin da yake ciki kafin ka yarda da takardar da ta sa shi a jerin wuraren shiga. Jagoran da ya fi tsayawa a shaguna a kan tarihi la'ada yake nema, gaya masa tun farko ba sayayya ka zo ba. Da magariba lambun Forodhani kan cika da masu gashi. Abin da za a dafa a gabanka shi ne abin ci: mishkaki, wato tsirensu, miyar urojo mai tsami, fanken da suke kira fizar Zanzibar, ruwan rake da citta da lemun tsami. Tulin kifi da jatan landen da aka jera tun yamma ana ɗumamawa kuwa, ba ka san kwanansa ba. Tambayi farashi kafin a ɗora a wuta. Garin Musulmi ne, sutura a cikin gari kamar yadda muka sani, da azumi kuma yawancin gidajen abinci na gari a rufe suke da rana.

A gabas akwai abin da ba a sayarwa amma ya fi wasu da ake sayarwa. Ranar babban ruwa, da hantsi, matan Paje da Jambiani na shiga filin da teku ya bari suna aikin mwani, ciyawar tekun da suke nomawa a kan igiya tsakanin turaku tun ƙarshen shekarun 1980, ana fitar da ita waje, ana kuma yin sabulu da ita. Za ka iya takawa kusa, amma gona ce, ba a ratsa igiyoyin, ba a ɗaukar hoto sai an nemi izini. Sa takalmi, don bushiyar teku na ɓoye cikin ciyawa, ƙayarta karyewa take a cikin ƙafa. In ta same ka, jiƙa wurin a ruwan zafin da fata za ta iya jurewa, kada ka tona da allura, in kusa da gaɓa ce ka je asibiti. Kuma ka juyo awa guda bayan ƙarshen janyewa, don ruwan ta kwaruruka yake fara dawowa, ya zagaye mutum ta baya tun yana ganin gabansa a bushe.

Duk wannan sai an shiga ƙasar tukuna. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ba a ba shi bizar Tanzaniya a filin jirgi, tasa irin wadda sai an tura an amince ce, don haka a nema ta intanet da makonni a gaba, kada a biya kuɗin otal da ba a mayarwa kafin ta fito. Ana tambayar katin rigakafin shawara. Tun 1 ga Oktoban 2024 kuma kowane baƙo sai ya sayi inshorar gwamnatin Zanzibar, dala 44 ga babba, ko da yana da wata, a nuna shaidarta a waya ko a takarda wajen shiga. An hana shiga da ledar zuba kaya. Dalar da za ka canza ta zama sabuwar bugawa mai tsabta, tsofaffi da masu yagewa ana ƙin karɓa, kuma ka ciri shilin isasshe tun a gari ko filin jirgi, don na'urorin cire kuɗi na ƙauyukan gaɓa ba su da yawa, ƙarshen mako kuma sukan ƙare.